Tafintar Matarsa

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Kuramoto-san ya faɗi yau a shagona.

Ina rubutu ne don hannuna ya sami abin yi. Ya shigo kamar kullum, bayan ma'aikatan ofis sun ragu, ya zauna a kujerar ƙarshen kanta. Tun da kamfaninsu ya turo shi nan Düsseldorf ta Jamus ya riƙe musu reshe, nan yake cin abinci, don iyalinsa suna Japan, shi kaɗai ne a garin nan. Na ajiye masa gasasshen kifi da shinkafa, bai taɓa ba. Ya ce, "Fusako-san, in kin sami sarari yau, ina da magana." Na ce bari in sallami mutanen teburin taga. Ina juyowa na ga tsinken cin abinci ya zame daga hannunsa, bakinsa ya karkace, yana kallona kamar yana so ya ba ni haƙuri.

Ozeki, tsohon da ke dafa mana abinci, shi ya fito daga kicin ya tallafe shi. Ni na kira motar asibiti. Shekara ashirin da wani abu ina yin Jamusanci, yau na rasa sunan titin shagona, sai da na leƙa jikin kwalin ashana na karanto musu.

Da za su ɗauke shi, ɗaya daga ma'aikatan motar ya tambaye ni, "Matarsa ce ke?" Na ce a'a. "'Yar'uwarsa?" Na ce a'a. Suka rufe ƙofar motar.

Talata, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Na je asibiti. Nas ɗin ta duba fuskata da kyau, ta ce bayanin mara lafiya sai dangi. Na ce ni na kira mota jiya. Ta ce ta gode, amma sai dangi.

A baranda na tarar da Shibata-san, mataimakinsa a kamfani, da wasu biyu, duk da baƙaƙen kwat, sun jera kamar masu jiran jirgi. Shibata-san ya rusuna mini sosai, fiye da yadda ya saba. Ya ce, "Mun ɗora miki wahala jiya. Kamfani ya gode. Daga nan mu za mu kula da komai, ki koma ga harkarki." Na ce yana numfashi da kansa? Ya ce likitoci suna iya ƙoƙarinsu. Na ce an gaya wa matarsa? Ya ce kamfani ya yi abin da ya kamata.

Shibata-san ɗin nan, sau nawa na sa shi a tasi da kaina ya bugu, takalmi ɗaya a hannu.

Laraba, 8 ga Nuwamba, da rana

Yau ranar matan manajoji ce. Sun zo su biyar, uwargidan Terauchi-san a gaba, don mijinta ne babba a cikin mazajensu, saboda haka ita ke fara zama, ita ke fara ɗaga cokali. Daga bakinta na ji sunan ciwon. Jijiya ce ta fashe a kansa, ɓarin dama ya shanye, ba ya magana.

Ta ce, "Kai, kin ga tashin hankali, Fusako-san. Ai gara da abin ya same shi a wajenki, wajen da ya saba." Ta kurɓi shayi. "An ce har ranar Lahadi yakan zo, ko? Na ɗauka kuna rufewa ranar Lahadi."

Na ce muna rufewa. Na tambaye su ko a ƙaro shayi.

Da suka tafi Ozeki ya leƙo ya ce, "Uwar ɗakina, da kin yi mini ido da na zuba wa tsohuwar nan gishirin wata guda a miyarta." Na yi dariya don ya ji daɗi.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da la'asar

Asibiti. Sai dangi.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da safe

Na sayo kaza jiya ban sani ba. Sai da na zo gida na ga ta a jaka.

Ranar Lahadi nakan dafa mana abincin garinmu, ni da Kuramoto-san, dakakkiyar shinkafa a gasa ta a jikin tsinke a jefa a romon kaza. Ni 'yar Akita ce ta arewacin Japan, shi ma ɗan Akita ne, tsakanin ƙauyenmu da nasu tsauni ɗaya. Ranar da ya fara zuwa shagon, wani kofi ya suɓuce mini na yi tsaki da yaren garinmu, sai na ji an amsa mini daga ƙarshen kanta. Tun rasuwar mijina Reinhold ba wanda nake hira da shi haka, kuma Reinhold ma bai taɓa jin wannan yaren ba. Mutanen Tokyo da Osaka da suka cika garin nan, in muna yi sai su ce kamar masu tauna dutse.

Mukan ci, mu yi tafiya a bakin kogi, ya koma gidansa. Shi ke nan abin da ake yi ranar Lahadi. Ban san don wa nake rubuta wannan ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Na ba maƙwabciyata kazar.

Talata, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Matarsa ta zo shagon. Mun rufe na rana, ina goge kanta, wata 'yar siririyar mata ta turo ƙofa, rigar sanyinta ba ta kai ta garin nan ba. Ta ce, "Ni ce Mitsue, matar Kuramoto. Mun gode da ɗawainiyar da kike yi da maigidana." Na ce shi ne yake ɗawainiya da mu. Muka yi ta rusuna wa juna har Ozeki ya kawo shayi ya raba mu.

Ta ce ba ta iya tahowa da wuri ba, sai da ta sami inda za ta ajiye surukarta. Tsohuwar tana kwance shekara da shekaru, ita ke jinyarta, shi ya sa ba ta biyo shi Jamus ba.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Kamfani ya ba ta tafinta, amma duk abin da likita ya ce da safe, kafin rana ya kai hedikwata a Osaka. Ta ce, "Mijina ne, ina so in ji maganarsa kafin su ji. Ya taɓa ce mini a waya akwai wata 'yar garinsu mai shagon abinci. Ba ni da kowa a nan. Za ki raka ni?"

Na ce to. Na amsa da sauri fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da rana

Nas ɗin nan dai, yau ta buɗe mini ƙofa, don ina bayan matarsa riƙe da jakarta.

Ya rame. Ba a yi masa aski ba, gemu fari ya fito, ban san yana da furfura haka ba. Idonsa a buɗe, yana bin mutane da kallo. Mitsue-san ta zauna ta hagu inda hannunsa ke motsi. Ni na tsaya wajen taga.

Likita ya zo. Yana magana, ina juyawa. Ya ce ran ya tsira. Na ce ran ya tsira. Ya ce ƙafa wataƙila ta dawo, hannu da wuya. Na ce haka. Ya ce magana kuwa ba wanda zai iya yin alkawari, wasu takan dawo musu guntu-guntu, wasu ba ta dawowa. Na faɗa da Japananci, muryata daidai, kamar mai karanta jerin abincin rana. Mitsue-san ta yi kuka a hankali. Likita ya miƙa mata takardar share hawaye. Ni kuma ya ce mini Jamusancina yana da kyau.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Kamfanin su Terauchi-san sun soke walimarsu ta ƙarshen shekara. Sakatariya ce ta kira, ta ce an sami canjin tsari. Kowace shekara a nan suke yi. Wani kamfanin ma ya kira bayansu.

Ozeki ya ce, "Su tafi wajen mai taliyar nan na kusa da tasha, su ci roba. Za su dawo da kansu." A garin nan mu mutanen Japan 'yan kaɗan ne, makarantarmu ɗaya, likitan haƙorinmu ɗaya, wajen aski ɗaya. Magana in ta fita da safe, kafin yamma ta gama zagaye ta dawo da ƙari.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Ina da magana, ya ce. Na ce bari in sallami teburin taga. Mutanen teburin taga ba sauri suke yi ba.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da la'asar

Kullum yanzu haka ne. In rufe na rana, in ɗauko Mitsue-san daga gidansa, mu hau jirgin cikin gari zuwa asibiti. Na koya mata yadda ake buga tikiti da inda ake sayen shinkafar kirki. Jiya ta ce ta buɗe firjinsa, ba komai sai giya da magani. Ta ce, "Ashe da ba don ke ba da yunwa ta kashe shi tuntuni." Tana murmushi ta faɗa.

Tana da kirki. Da ma ba ta da shi.

Laraba, 22 ga Nuwamba, da yamma

Ya yi magana.

Mitsue-san tana goge masa fuska, ni ina wajen taga. Ya juyo da kai, ya yi ta kokawa da bakinsa, sai kalmomi suka fito, a murɗe amma ana ji. Ba Japanancin ofis ba, ba Turancin da yake yi da abokan ciniki ba, duk waɗannan sun tafi. Yaren Akita ne, irin na tsofaffin ƙauye.

Mitsue-san ta juyo ta ce, "Me ya ce?"

Na ce ya ce yana jin ƙishirwa.

Ta jiƙa auduga ta sa masa a leɓe. Ya kau da kai. Ya sake faɗa, yana kallon wajen taga. Na fita na kira nas in gaya mata ya yi magana, na daɗe ban dawo ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ban je ba. Na aika cewa mura nake yi.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, da rana

Shibata-san ya zo cin abinci shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna nesa da ƙarshen kanta. Ya ce hedikwata ta yanke shawara, da zarar likita ya yarda za a mayar da shi Osaka, kuma sabon manaja zai iso kafin ƙarshen shekara. Na ce shi an tambaye shi? Ya dube ni kamar na yi maganar yara.

Ya gama ci bai tashi ba. Ya ce, "Fusako-san, ban faɗa miki wannan ba. Tun bazara suke kiransa gida, da ƙarin girma. Sau biyu yana roƙon a bar shi a nan. Mutum ba ya yi wa hedikwata haka, kin sani. Ranar Litinin ɗin da ya faɗi, da safe aka kira shi daga Osaka, ya rufe ƙofa ya daɗe yana waya. Da ya fito sai ya ɗauki kwat ya ce zai je cin abinci."

Na ce me suka ce masa?

Ya ce, "Ban sani ba. Da gaske ban sani ba." Ya cire tabarau ya goge. "Shekara da shekaru ina ƙarƙashinsa. Kullum in na je asibiti ina tsayawa a ƙafar gado in ba shi rahoton ciniki, don ban san me zan ce masa ba."

Na ƙara masa shayi. Yau ban tsane shi ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba, da la'asar

Na koma, don likita yana son ganin matarsa kuma ba ta yarda da tafintan kamfani ba.

Bayan mun gama muka sauka ɗakin shan shayi na asibitin. Ta sayo mana kofi biyu da kanta, da 'yan kalmomin da na koya mata. Ta ce, "Murar ta sake ki?" Na ce da sauƙi.

Ta yi ta juya cokali. Sannan ta ce, "Surukata ba ta jin wani yare sai na ƙauyensu. Tun tana tafiya da ƙafarta har ta kwanta, ni ke ba ta abinci, ni ke yi mata wanka, da shi take zagina, da shi take gode mini. Ban iya yin sa ba, amma ina ji sarai."

Na ajiye kofin don kada ya zube.

Ta ce, "Ba ruwa ya nema ba. Cewa ya yi, 'Fusa, ina kika tafi? Na daɗe ina jiranki.' Ni tun da ya farka bai kira sunana ba."

Na ce ba abin da ya taɓa faruwa tsakaninmu. Na ce abinci ne kawai da tafiya a bakin kogi. Ta ce, "Na yarda. Na san mijina, ba zai iya ba. Kin ga da abin ya faru ma da na san abin da zan yi da ke." Ta yi 'yar dariya, ba ta daɗi ba. "Na tambaye ki me ya ce ne don in ga abin da za ki yi. Da kika ce ƙishirwa sai na ji haushinki, sannan na ji tausayinki, har yau ban san wanne ya fi ba."

Na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me? Sha kofinki, da wahala na sayo shi. Gobe akwai likitan ƙafa, ƙarfe nawa za ki zo?"

Laraba, 29 ga Nuwamba, da rana

Matan manajoji ba su zo ba. Ozeki ya dafa abin da suka saba ci, muka ci mu biyu. Ya ce, "Uwar ɗakina, kin ga yadda abinci ke daɗi in ba a ci da gulma ba."

Asabar, 2 ga Disamba, da hantsi

Yana zama a keken marasa lafiya yanzu. Kalmominsa ba su wuce goma ba, duk na ƙauye. Sanyi. Uwa. A'a. Sunana. In ya faɗi sunana Mitsue-san takan ci gaba da abin da take yi, ni kuma in dubi ƙasa. Ba wadda take juya wa wata komai.

Jiya mun yi masa aski. Ita ta riƙe reza, ni na riƙe kwanon ruwa.

Talata, 5 ga Disamba

Likita ya sa hannu. Jirgi ranar Juma'a. Ni na juya mata wannan ma.

Alhamis, 7 ga Disamba, da yamma

Na je yin sallama. Na shirya abin da zan ce tun a hanya, gajere, irin wanda mai shago take gaya wa wanda ya daɗe yana cin abincinta.

Na tarar ta gama haɗa kaya. Shibata-san ya zo ya tafi, ya bar furanni da sunan kamfani a jiki. Mitsue-san ta ɗauki rigar sanyinta ta ce, "Ban sayi tsarabar komai ba, mutanen gida za su ce na je Turai na dawo hannu sake. Zan shiga gari." Na ce bari in raka ta, ba ta san hanya ba. Ta ce, "Na sani, ke kika koya mini. Ki zauna da shi. Zan daɗe." Ba ta dube ni ba ta fita, ta ja ƙofa har ta rufu.

Barci yake yi. An ba shi magani bayan motsa jiki, nas ta ce ya gaji sosai.

Na zauna ta hagu, a kujerarta. Na kira shi sau ɗaya a hankali, da yarenmu. Bai motsa ba. Ina iya girgiza kafaɗarsa, na sani. Na yi ta tunanin in yi. Amma gobe yana da doguwar tafiya, kuma ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba, ko ranar Lahadi. Na riƙe hannunsa. Yana da ɗumi. Na ba shi labarin shago, na ce Ozeki yana gaishe shi, na ce an fara kafa rumfunan Kirsimeti a dandali. Sauran ma na faɗa. Hasken taga ya yi ta raguwa har aka kunna fitilun baranda.

Ta dawo da 'yar leda ɗaya, gashinta ya jiƙe, hancinta ya yi ja. Daga gani a waje ta yi ta yawo cikin sanyi. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ya farka?"

Na ce a'a.

"Ko sau ɗaya?"

Na ce ko sau ɗaya.

Ta dube shi, ta ce, "Kai dai mutumin nan, kullum haka kake." Sai ta fashe da kuka, na tashi na ba ta kujerarta, ta ƙi zama, ta riƙe hannun rigata. Muka tsaya haka a gefen gado mu biyu, shi yana ta barcinsa.

Juma'a, 8 ga Disamba, bayan abincin rana

Sun tashi. Motar kamfani ce ta kai su filin jirgi, ba a buƙaci tafinta ba.

Shibata-san ya kira ɗazu. Ya ce walimar kamfaninsu ta ƙarshen shekara tana nan a shagona, shi ya tsaya a kan haka, kuma a nan za a yi wa sabon manaja maraba. Ya ce mutumin Nagoya ne, ba ya cin ɗanyen kifi, ko zan iya shirya masa wani abu dabam.

Na ce zan iya.